Ragon Takarda na Kakata

Mahaifina baduku ne, amma a shekarun da na yi wayo ya fi yin takalman taya a kan na fata. Rumfarsa tana bakin hanya a Jibiya, dab da shingen kwastan, inda motocin gyaɗa suke tsayawa kafin su ƙetara Maraɗi ko su gangara Katsina. A lokacin Ingilishi ke mulkin wannan gefe, Faransa na wancan. Direbobi sukan bar masa tsohuwar taya, shi kuma ya tsaga ta da wuƙarsa mai lanƙwasa, ya fitar da takalman da manoman Gangara da Farfaru suke rububi ran kasuwa.

Ni ce nake kai masa fura da hantsi. In na ajiye ƙwarya ba na saurin komawa gida, sai in raɓe jikin tagar ofishin kwastan ina kallon akawu yana buga hatimi. Ya dangwala a tawada, ya buga a takarda, zane ya fito, ya sake bugawa, zanen ya sake fitowa kamar na farko sak. Abin bai taɓa gundurata ba.

Akawun mutumin kudu ne, Hausarsa a karkace take, amma yana da fara'a. Wata rana takalminsa ya ɓalle, ya zauna a rumfar Baba da ƙafa ɗaya tsirara yana jiran gyara. Da ya ga ina leƙen aljihunsa, sai ya zaro wata takarda mai kauri, a ninke, da zanen furanni a gabanta. Ya ce ƙanwarsa ce ta aiko masa daga garinsu lokacin bikinsu.

"Mi ta ce a ciki?" na tambaye shi.

"Ba labari," in ji shi. "Gaisuwa kawai. Kati ne sunansa."

Na daɗe ina juya abin a raina. A ce takarda ta yi wannan doguwar tafiya ba don rasuwa ba, ba don haihuwa ba, don gaisuwa kurum! Kafin ya sa takalminsa na riga na san wadda zan yi wa nawa.

Kakata ce, mahaifiyar Inna. Tana zaune a wani ƙauye bayan iyaka, kuma a wurinta aka yaye ni, na zauna har na fara ɗaukar tulu. Ba ta taɓa kirana da suna ba, sai "ƙawata". A wannan shekarar Inna tana da tsohon ciki, Babbar Sallah ta matso, an ce babu mai zuwa ko'ina.

Na ce wa Baba ya yi mini hatimi. Ya yi dariya ya ce, "Ke ma kwastan za ki buɗe?" Amma da azahar, da ciniki ya lafa, ya ɗauki guntun taya ya kankare shi ya yi sumul, ya ce in zana abin da nake so da gawayi. Na zana rago. Ya bi zanen da bakin wuƙa yana cire gefe da gefe, harshensa a tsakanin haƙora, yadda yake yi in aiki ya yi ƙanƙanta. Daga baya ya ƙara mini jinjirin wata da ɗan reshe mai ganye, ya manna kowanne a jikin guntun icce don in sami mariƙi.

Takarda kuwa shuɗiyar nan ce da ake naɗe curin sukari na ƙasar Faransa, mai shayi ya tara mini. Fara kuma akawu ya ba ni. Na jiƙa ƙaro na manna farar a kan shuɗiyar, shuɗin ya leƙo ta gefe kamar bakin zane. Tawada ce ta wahalar da ni. Ta allo ta yi ruwa da yawa, ragon ya fito kamar an zubar da miya. Sai Inna ta ce in dafa karan dafi, wanda Baba yake rina jar fata da shi, in sa ƙaro kaɗan ya yi kauri, in jiƙa tsumma in riƙa dangwalawa a kai. Na ɓata takardu da dama kafin rago ja ya tsaya da ƙafafunsa, wata a samansa. Baba ya rubuta barka da Sallah da ajami a ciki.

Kawuna, ƙanen Inna, yakan zo kasuwa da jakinsa duk mako. Shi na ba. Makon da ya zagayo, tun kafin ya sauke kaya na tare shi a ƙofar gida.

"Kawu, ta gani? Mi ta ce?"

Ya ce ta yi murna ƙwarai, ta sa mini albarka. Amma bai dube ni ba, ya shige wurin Inna. Ina tsakar gida ina jin su. Ya ce tun damina yanar ido ta rufe wa Kaka gani, yanzu sai haske da duhu kawai take rarrabewa, ita ce ta hana a faɗa saboda halin da Inna take ciki. Ya ce da ya miƙa mata katin ta riƙe shi kai a ƙasa, ta shafa, ta ce kai, ƙawata ta iya aiki.

Sai na ji Inna tana jan hanci. Ni kuwa na fita da gudu sai rumfar Baba, na zube masa hatiman a gabansa na ce ba na so. Ya bar ni na yi kukana. Da na lafa, ya ɗauki ragon yana shafa shi da babban yatsa.

"Rufe idonki," ya ce. Ya ɗora yatsana a kan robar. "Mi kika ji?"

"Ƙaho."

"To, ita ma hannu gare ta."

Washegari muka fara. Baba ya san yadda ake danna ado a jikin fata, ya ce bari mu ga ko takarda za ta yarda. Muka manna shuɗiyar takarda rubi-rubi har ta yi kauri, muka yayyafa mata ruwa, muka shimfiɗa ta a kan tsumma mai taushi, muka kifa hatimin ba tawada, Baba ya ɗora dutsen da yake bugun fata a kai. Ta farko ta yage. Ta biyu ba ta jiƙu sosai ba, ba abin da ya fito. Wadda ta yi kyau sai da ta wuni ƙarƙashin dutse, da muka juya bayanta ga rago ya taso, ana jin ƙahonsa da ƙafafunsa. Na manna masa auduga a gadon baya, na jera ƙwayar gero da ƙaro a kewaye. Inna ta karɓa ta turara shi da turaren wutar da take sa wa kayanta.

Wannan karon Baba ya ce da hannuna zan kai. Bayan Sallah ya ari jaki ya ɗora ni, yana tafe a ƙasa. Akawu ya ɗaga mana hannu a shinge. A wancan gefen wani ɗan duwan, wato kwastan ɗin Faransa, ya ce in buɗe abin da na ƙunshe a gyale. Ya duba, ya shafa audugar, ya yi murmushi ya mayar mini da hannu biyu.

Mun sami Kaka a inuwar rumbu tana ɓarzar gyaɗa. Ta rame, idanunta sun yi fari. Da na yi sallama ta saki abin da ke hannunta.

"Wa nike ji haka? Ƙawata ce? Taho nan, taho!"

Ta shafa kaina da fuskata, ta ce na yi tsawo ban nemi izninta ba. Na sa mata katin a tafin hannu. Ta fara kai shi hanci, ta daɗe a haka.

"Wanga ƙamshin ɗiyata ne," ta ce a hankali. "Tana lafiya?"

Baba ya ce lafiya lau, sai nauyi. Sannan yatsunta suka fara bin geron, suka gangaro kan audugar, suka tsaya a ƙaho, suka koma wutsiya.

"Akuya ce."

"Kaka, rago ne!"

"Rago da wanga guntun bindi? Ni da na yi kiwo tun ubanki bai san wuƙa ba?"

Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce laifinsa ne, roba ce ta ƙare masa a wurin. Kaka ta kira maƙwabtanta ta katanga, suka shigo, ta hana kowa riƙewa, sai dai ta kama yatsan mutum ta bi da shi. Ta ce musu ƙawarta ta aiko mata da dabbar da ba ta cin dawa.

Da la'asar muka yi shirin komawa. Ta ɗaure mini gyaɗa a bakin zane, ta ce in gaya wa Inna kada ta sa damuwa a ranta, tana gane kowa da muryarsa, kuma har yanzu ita take dama furarta. Ta ce Sallah mai zuwa zabuwa take so, mai zane a jiki, in kuma sa Baba ya yi mata ƙafafu sosai.

A hanya na tambayi Baba yadda za a yi zanen zabuwa ya taso. Ya ce sai dai mu gwada da bakin ƙusa. Muna ta shawara har muka hango rufin kwanon kwastan. Da muka shiga gida Inna tana zaune bakin ƙofar ɗaki, ta jawo ni ta ce in faɗa mata komai tun daga sallama, kada in tsallake ko kalma ɗaya.