Ranar da Baba Ya Gyara Mini Bes

Wata huɗu cur mahaifina bai yi mini magana ba saboda jita. Bes ce ta gwanjo mai waya huɗu, ja jawur, wadda na zaɓa a kasuwa don kawai ta fi sauran nauyi. Mai shagon ya rantse mini cewa katako mai nauyi shi ke da murya mai kauri, ni kuwa a lokacin ko cewa ya yi tana maganin basir sai in yarda. Ranar da na shigo da ita gidanmu a unguwar Shamaki, Baba yana shagonsa na kafinta da ke manne da zaure. Ya dube ta, ya dube ni, ya ci gaba da jan zartonsa. Tun daga nan magana ta koma bi ta bakin Inna. Ina tsaye a gabansa zai ce, "Ki gaya wa makaɗin nan ya rufe ƙofa."

A waje ina yin kamar ko a jikina, amma abin ya ci mini rai ƙwarai. Gara ya zage ni tas da wannan shirun.

Ina kaɗa wa wata ƙungiyar masu kiɗan biki ne, ogan namu mutumin Kaltungo da ke zaune can Tumfure. Da damina ta kankama sai wuyan bes ɗin ya sha laima ya lanƙwashe, wayoyin suka yi sama, kafin in danna ɗaya sai na ji kamar yatsana zai tsinke. Ga biki ranar Asabar. Na kira oga a waya, ya ce abu ne mai sauƙi, akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake murzawa kaɗan da ɗan makullin nan alanki, in zo in karɓi nasa. Na kwance wayoyin, na jingine bes a zaure, na tare keke. A zaure fa, tsabar wauta, taku uku daga bencin Baba!

Tumfure ba nan kusa ba, ga taɓo, ga matar oga da ta ce ba na tashi sai na ci tuwo. Sai bayan la'asar na dawo. Ina shiga zaure na ga wayam. Na leƙa shago, sai ga ta kwance a kan benci, Baba ya duƙa a kanta yana goga samfefa.

Innalillahi! A wuyan bes akwai siraran ƙarafa da ke kwance a jere, mu muna ce musu firet, su ne ke tsayar da kowane sauti a mazauninsa, ko yatsanka ya ɗan kauce su rufa maka asiri. To, Baba ya sa filaya ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya tara su a gwangwanin madara. Ya sa filen, abin fere katako, ya fere wuyan har ya miƙe sambal, ya cike gurabun da garin katako da gam. Shi a duniya ba abin da ya tsana irin karkataccen katako a gidansa. Ko tabaryar Inna bai ƙyale ba.

"Kai," ya ce.

Sai da na waiwaya ko Inna na bayana. Ba kowa, da ni yake.

"Wanda ya haɗa wannan abin ba kafinta ba ne, mahauci ne. Katako a karkace, kuma ya bar ƙarafa a waje suna yankan hannun mutane. Zo ka shafa ka ji."

Na je na shafa. Sumul, wallahi, aikin ya yi kyau, irin kyan da ke sa mutum kuka. Alankin oga na cikin aljihuna, murzawa ɗaya da ta isa. Maganganu suka taho mini har maƙogwaro, irin waɗanda in ɗa ya faɗa wa uba sai an tara dangi. Na ɗago ido na ga yadda yake kallona, da ƙurar katako a gemunsa, kamar ɗan makaranta da ya kai wa malami allo. Na haɗiye.

"Sannu da aiki, Baba. Allah ya ƙara basira."

"Gobe in gam ya bushe ka mayar da wayoyin in gani."

Washegari da hantsi aka kawo wuta, na ɗaura wayoyin, na jona ta da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, a tsakar gida. Baba ya tsaya a bakin zaure, hannu a baya, wai shi wucewa yake. Na danna, na ja yatsa, sai abin ya saki wani kuka kamar saniyar da aka raba da maraƙinta. Kajin Inna suka watse. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni.

"Katako dai ya miƙe," in ji Baba. "Saura mai shi."

Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

Da na kai wa oga labari bai yi dariya ba da farko, salati irin nasu ya yi. Ya ce akwai bes marasa firet a duniya, amma na gwanaye ne masu kunne, ni kuwa da firet ɗin ma Allah ne ke rufa asiri. Ya ba wani makaɗi aikin bikin Asabar, ya ce akwai mai gyara a cikin gari da zai iya mayar da ƙarafan, in an mayar in dawo. Na ce a'a. Ta ina zan bi da ita ta gaban shagon nan da ƙarafa a jikinta? Haka na rasa gurbina a ƙungiyar, kuma na ji zafin abin har cikin raina, don ina son kiɗan nan kamar me. Sai da shekara ta zagayo kunnena ya fara kama inda sauti yake.

Amma wannan daga baya ne. A ranar Asabar ɗin, daidai lokacin da ya kamata a ce ina ɗaura kaya a keke, Baba ya kira ni daga shago, da sunana.

"Akwatin nan da kake jona ta, na ji wani abu na kaɗawa a ciki. Kawo shi in buɗe."

Nan take na shirga masa ƙarya cewa oga ya ara, alhali yana ƙarƙashin gadona na lulluɓe shi da bargo. Ya dube ni, na tabbata ya gane. Sai ya janyo wani dogon falanki, ya miƙo mini bakin tef.

"To riƙe nan. Kuma ka riƙe da kyau."

Na riƙe masa har aka kira azahar.