Na Buɗe wa Baƙi Rumbun Baffana

A lokacin ni ɗan kabu-kabu ne a Magariya, ina haya da babur. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina ɗan jin Faransanci, shi ya sa meri, wato ofishin magajin gari, ta sa ni cikin masu zagayawa da baƙin da ke zuwa ganin gari daga Yamai, Damagaram da Kano. An ce mu riƙa kai su kasuwa da unguwarmu ta tsofaffin gidajen ƙasa. Ba wanda ya tambayi masu gidajen, ni ma ban tambaya ba. Daɗi nake ji ana kirana a gaban mutane.

Baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da manyan rumbuna biyu, kuma kowa na ganinsa mai wadata. Wata rana da hantsi yana gona, baƙina suka ce suna son ganin yadda ake jera damman gero. Matarsa ta ce in jira ya dawo, na ce mata Inna, ai hoto ne kawai. Na hau na ɗaga murfin. Damman da ke ciki ba su rufe ko ƙasan rumbun ba, ga damina da sauran nisa kafin girbi. Na san ba a leƙa rumbun mutum, ko ɗan cikinsa ba ya yi, amma kafin in mayar da murfin sun ɗauki hoton. Ɗayansu ya sa hoton a waya da kalaman tausayi, ga ƙofar gidan a fili, ya zagayo har wayoyin unguwarmu.

Ba wanda ya yi wa baffana dariya. Maƙwabta suka fara aiko da hatsi a kwarya, har waɗanda a da shi yake ba su. Ya karɓa ya yi godiya, sannan ya daina fitowa zaure. Da na je na durƙusa, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ya ɓoye ne don kada mu yara mu rage loma, ya tambaye ni ko baƙin nawa sun ji daɗi. Bayan girbi ya koma ƙauyensu can wajen Dungas. Yanzu ni kaɗai nake kwana a zauren. Mutanen unguwa suna amsa gaisuwata, amma idan na zauna hira takan mutu.

Na gane cewa baƙo kwana biyu yake yi ya tafi, mai gida kuwa a nan zai tashi gobe cikin idon maƙwabtansa. Ku masu tsara yawon baƙi da ku masu yi musu jagora, ku tambayi mai gida kafin ku wuce zaure, idan ya ce a'a ku juya. Ina zuwa gaishe da baffana duk ranar kasuwar Dungas. Yana sa a kawo mini fura, amma a waje yake shimfiɗa mini tabarma, kamar yadda ake yi wa baƙo.