Jan Fenti a Bakin Rijiyar Malam

Mu duka na Allah ne, kuma gare shi muke komawa, wani na bin wani.

Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, a tsakiyar watan Zulƙida, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Kubra Balarabe a gidanta da ke Ƙauran Namoda, bayan jinyar mako biyar. Tana da shekara sittin da uku. Ina tankaɗen garin dawa ɗiyarta Nadiya ta shigo mini har tsakar gida, takalmi a ƙafarta. Yarinyar da ba ta taɓa taka tabarmata da takalmi ba. Ban jira ta buɗe baki ba, na ajiye rariya na jawo mayafi.

Yaya Kubra, ni ba marubuciya ba ce, kin sani. Karatuna na zaure ne, kuma ke kika fara riƙe hannuna a kan allo a makarantar mahaifina, Malam Faruku, kina babba ina ƙarama. Amma akwai maganar da na riƙe miki shekara biyu ban faɗa ba, kuma ina tsoron in tafi da ita kamar yadda kika tafi ba ki ji ta ba.

Ga wanda bai san ki ba: kin yi shekara talatin da 'yan kai a Kaduna, a ɗakin gwajin ruwan famfo. Aikinki shi ne ki ɗebo ruwan da mutanen birni ke sha, ki auna abin da ke cikinsa wanda ido ba ya gani. Idan kin zo Sallah mukan tsokane ki, mu ce duk bokon nan a kan ruwa ya ƙare. Ba kya fushi. Wata rana na tambaye ki ko ruwan birni babu komai a cikinsa, tunda ana tace shi. Kika ce babu ruwan da babu komai a cikinsa, ko na birni, ko na rijiya. Kika ce masana sun ajiye wa kowane abu iyakarsa, dalma da tata, har maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta da tasa. Da kika ga ban gane ba, sai kika ce, "Ɗiyar Malam, ba kin karanta jinin da bai kai faɗin dirhami ba a tufa ana yafe shi, in ya wuce a wanke? To aikina ke nan, duba faɗin dirhamin." Ban taɓa mantawa ba, ko da yake ranar da ya kamata in tuna sai na ƙi.

Da kika yi ritaya kika dawo gida, ba ki zauna ba. Kina da wata jaka mai cike da kwalabe da 'yan siraran takardu na gwaji. Ranar Alhamis, in hanya ta yi lafiya, sai ki bi motar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, wani lokaci ki ratsa Zurmi wajen dangin mijinki marigayi, kina roƙon mata su sam miki ruwan randarsu. Wasu sun ɗauka magani kike haɗawa. Wata tsohuwa ta ce ba za ta ba ki ba sai kin sha a gabanta, kika sha, sannan kika auna, kika ce mata ta gode wa Allah, ruwanta ya fi na gidanki.

Yanzu ga maganar.

Akwai rijiya a ƙofar gidanmu. Malam ya haƙa ta shekara biyu kafin rasuwarsa, ya ce ta Allah ce, kada a hana kowa. Tun da ya rasu, duk gugan da na ji ya faɗa cikinta sai in ji sanyi a raina, in ce ga wani lada ya tafi kabarin Malam. Abin da ya rage mini in yi masa ke nan, in tsare ta, in canja igiya, in sa a yashe ta.

Da tashin hankali ya koro mutanen ƙauye, unguwarmu ta cika. Kowane fili ya zama ɗaki, kowane lungu aka haƙa masai, bayan gidanmu kuma ga fadamar da ake zuba wa takin zamani. Muka sauki wata baiwar Allah daga Gurbin Bore, Hindu, da jaririyarta Salma, 'yar wata biyu. Firgici ya ɗauke mata nono, sai madarar gwangwani ake dama wa yarinyar da ruwan rijiyarmu. Da daminar 2023 leɓen Salma ya fara duhu, farcenta ma haka, tana numfashi sama-sama. A asibiti aka ceto ta da ikon Allah, likita ya tambaya da wane ruwa ake dama mata madara. Hindu ta rantse tana tafasawa.

Kika zo da jakarki. Kika tsoma 'yar takardar nan a guga, ina tsaye, ta rine ta yi jawur. Kika aika kwalba birni aka tabbatar. Sannan kika zaunar da ni a kan dakali. Kika ce wani gishiri ne da ke tsiyayowa daga masai da taki, ba shi da launi, ba shi da wari. Iyakarsa hamsin ce a ma'aunin lita, a rijiyarmu an sami ɗari da ashirin. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ƙara masa ƙarfi, kamar gishirin miyar da ta daɗe a wuta. Babba yakan jure, jariri ba ya jurewa.

Ni kuwa na ɗebo ruwan a ƙwarya na miƙa miki. Na ce, "Yaya, dubi launinsa. Shaƙi. Ɗanɗana. Wanne ya canja cikin ukun? A zauren nan muka karanta tare, ruwan da ukun nan ba su jirkita ba mai tsarki ne."

Kika ce, "Mai tsarki ne, ban musa ba. Yi alwala da shi, sallarki ta yi. Amma babin da muka karanta na tsarki ne, ba na cikin jariri ba."

Kika nemi a shafa jan fenti a bakin rijiyar, a sanar da unguwa ta wanka ce da wanki da alwala, ba ta sha ba. Na ƙi. Na ji kamar kin ɗora wa Malam laifi yana kwance a kabarinsa. Kuma da yake na san bai halatta in ƙaurace miki fiye da kwana uku ba, sai na yi dabarar da nake jin kunyarta yau: ina gaishe ki kullum, gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Na kiyaye hukuncin, na bar abin da aka yi hukuncin dominsa.

Ke ba ki kai ƙara wajen kowa ba, alhali kina da bakin da za a saurara. Kowace safiya sai ga ki da jarka daga famfon burtsatse na bakin makaranta, da gwiwar nan taki mai ciwo, ki ajiye a ƙofar Hindu, ki leƙa gidajen masu goyo da masu ciki ki yi musu bayani, ki gaishe ni ki wuce. Kwana tara. Ni kuma ina jin guga na faɗawa rijiya, amma sanyin nan ya daina zuwa. Duk wadda ta ɗiba sai in bi ta da ido in ga ko da goyo a bayanta.

A rana ta tara na tare ki. Abin da na iya cewa kawai, "Ladan Malam fa?"

Kika sauke jarkar. Kika ce, "Wa ya ce a rufe ta? Mutum nawa ka alwala nan kullum? Malam don a amfana ya gina ta. In ɗiyar wani ta tafi sanadinta bayan kin sani, mi za ki ce mashi in kun gamu?"

Da hannuna na shafa fentin a yammacin ranar. Amma ban zo na ce ki yafe mini ba. Na ce sai zuciyata ta huce, sai bayan azumi, sai kin ji sauƙi. A jinyarki na je sau da yawa, na yi miki tofi, na gyara miki matashi, maganar na nan a maƙogwarona.

Da muka isa gidanki ranar Laraba, Nadiya ta ja ni gefe. Ta ce kin bar wasiyya biyu: ni zan yi miki wanka, kuma da ruwan rijiyar Malam. Ta ce kin ce a faɗa mini ruwan mai tsarki ne, kuma kina son Malam ya sami ladan wankanki.

Ni na ja gugan. Hindu ta ɗauka a kai, Salma na biye da ita tana riƙe da gefen zaninta. A nan na gane kin daɗe da ba ni amsar tambayar da ban yi ba. Duk da haka ina yin ta yanzu a gaban mutane: Yaya Kubra, ki yafe mini. Ke ce da gaskiya, kuma kin faɗe ta ba tare da kin kunyata ni ba.

Jakarki tana wajena. Nadiya ta ce za ta koya mini karanta launin takardun, kuma na yi alkawari duk shekara bayan damina za a auna rijiyar, ko da jan fentin zai zauna har ƙarshen raina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Abdulrashid da Nadiya, da jikokinta, da ƙanwarta Kulsumu a Shinkafi, da dangin mijinta a Zurmi, da duk matan da ta taɓa roƙon ruwan randarsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Kubra, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya. Ka haɗa ta da iyayenta da malaminta cikin rahamarka. Ta yi rayuwarta tana tsare wa bayinka abin da za su sha. Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Rahama Malam Faruku
Ƙauran Namoda