Dogo Mai Gyaran Waya da Gwiwar Kaka

A kan gwiwa Kaka ta yi faɗa da Dogo mai gyaran waya, faɗan da ya tara mutane a bakin shagonsa.

Baƙin muryoyi ne suka dame ta da kira a waya. Wannan da man shafawa, wancan da maganin sanyin ƙashi, har da marar kunyar da ya yi mata tallan keken guragu. Ita kuwa a saninta mutum ɗaya ta gaya wa ciwon nan, maƙwabciyarta mai ɗinki, wadda suka yi goyo tare. Sai ta ɗauke mata gaisuwa. Mai ɗinki ta yi ta sallama har ta gaji ta daina.

Shi Dogo da agogo ya fara, ya koma rediyo, sannan waya, a shagon da in ka buɗe hannu sai ka taɓa bango biyu. Hannunsa da kyau, bakinsa da zaƙi, har iyaye na kwatance da ladabinsa.

Ran nan Kaka na zaune a bencinsa tana jiran gyara, ta ji ya tarbi wani tsoho: "Baba, ya bayan naka? Yaran suna aike kuwa?" Tsohon na amsawa, yatsun Dogo na tafiya a kan kwamfuta. Ashe ita ma ta sha zazzage masa labarin gwiwa, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, don a wurinta gaisuwa ce kawai.

"Kai, dogon banza! Me kake dannawa?"

Ya yi 'yan kame-kame, ta ɗaga sanda, ya sauko.

"Bayanai ne, Kaka. Akwai kasuwarsu a intanet. Lamba tsurarta araha ce, a tare ake kwashe ta. In da shekaru da unguwa, ta ɗan ɗaga. In da ciwo, ta haura. Ta bana ta fi ta bara. Wadda ake ɗauka in an kira kuwa, ita ce kan kaya."

"Wato ni."

"To ai ke, ko ɓatan lamba aka yi sai kin tambayi iyalin mutum."

"Wa ya saye ni?"

"Ba a ganin fuska. Wanda ya saya ma sayarwa yake."

"To, karɓo ni."

"Ba a karɓowa, Kaka."

Kaka ta miƙe. Ba masu kiran ne a ranta ba, ƙarar keken ɗinkin da ke tsallako katangarta ce. Ta sa shi ya rufe shago da rana tsaka, ta tasa shi gaba tana ɗingishi har ƙofar mai ɗinki.

"Shiga ka faɗa mata da bakinka," in ji ta. "In ta tambayi lafiyarka kuma, amsa hankali kwance. Ita ba ta sayarwa."