Malam Falalu Tafinta: Wa Zai Nuna Mana Iyaka?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 12 ga Rajab 1371, ɗan aike ya iso Beli daga Karaye da labarin rasuwar Malam Falalu, tafintan Hakimi, bayan gajeren zazzaɓi. Ni Gwadabe, ƙanen dagacin Beli, na rasa amini, kuma ina tsoron garinmu ya rasa zaman lafiya.

Malam, duk wanda ya tambaye ka ma'anar kalmar Turanci sai ya nemi tabarma, don ba ka sallamarsa sai ya ji asalinta da inda ake sa ta. Mun sha tsokanarka cewa ko ruwa aka roƙe ka, da tarihin rijiya za ka fara. Amma kai ne ka tsaya wa tsohuwa Barira gaban Di'o, Baturen mulki, ka mayar da kukanta Turanci ba ragi, har aka sako mata ɗanta.

Shekarar da safiyo, Bature mai auna ƙasa, ya zo raba fadamar da muke rigima a kanta da mutanen Gwangwan, kai ka bi shi tare da dattawan garuruwan biyu. Taɓo ba ya riƙe dutse, sai ya kafa duwatsunsa a kan tudu, ya ce su "referential" ne. Ka zana mini kalmar a ƙasa da tsinke. Ka ce siffa ce ta abin da aikinsa nuni zuwa ga wani abu, tushenta Latin, ma'anar mayar da abu inda ya fito, kuma masana harshe suka fi amfani da ita.

"Gwadabe," ka ce, "dutsen nan yatsa ne kawai. Iyakar tana can inda yake nunawa, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya."

Tsamiyar ta faɗi, rijiyar ta rufta, dattawan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ya rage kai kaɗai. Kowace bazara kakan hau kekenka ka zo ka taka layin, kowa ya yarda, domin ba ka taɓa karɓar ko ƙwan zabo daga wani ɓangare ba. Bana ka yi niyyar zagayawa da samarin garuruwan biyu su gani da idonsu. Zazzaɓi ya riga ka.

Yanzu mutanen Gwangwan sun ce dutsen shi ne iyaka, namu sun ce a'a. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wallahi ban ga mafita ba, Malam, kuma 'yata Laure a Gwangwan take aure.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna makomarka. Ina yi wa matarka Inno da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Mu ma a sa mu a addu'a. Gobe ɗana Uba zai fita sharar fadamar nan da gatari, mijin Laure ma haka.