Yau Ban Zo Dako Ba

Shekara talatin da ɗaya Mbusa Yeremiya ya yi yana hawa dutsen Rwenzori da kayan wasu a gadon bayansa, bai taɓa sa ƙafa a kan ƙanƙara ba. Ba tsoro ne ya hana shi ba. Dokar kamfani ce: ɗan dako iyakarsa bukkar ƙarshe. Daga nan zuwa ƙololuwar dutsen sai baƙi da jagororinsu, kuma duk ɗan dakon da ya ƙetare, a soke sunansa daga jerin masu aiki.

Shi ne na shida cikin 'ya'ya maza a gidansu, can saman Ibanda, inda gonar mutum take tsaye kamar bango. Da aka raba gonar ubansu, rabonsa ko akuya ba zai riƙe ba. Don haka yana da shekara ashirin da biyu ya sa igiyar ɓawon ayaba a goshi, ya zura takalmin roba, ya shiga layi. Kwana biyar ake yi kafin a kai bukkar ƙarshe. A ratsa daji mai ɗigar ruwa, a ratsa gora, sai fadamar Bigo, inda mutum ke tsalle daga wannan tushen ciyawa zuwa wancan da kilo ashirin a baya, in ya kuskure taɓo ya haɗiye shi har ƙugu. Mbusa ya daɗe da daina kuskurewa.

Amma abin da aka fi saninsa da shi haƙoran ƙarfe ne, waɗanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi don su ciji ƙanƙara. In an isa bukkar ƙarshe shi ke wasa su da magagari, shi ke durƙusawa ya gwada wa kowane baƙo nasa a takalmi. Sai su tafi, shi kuwa ya zauna gadin tukunyar shayi. Da rana su dawo suna rungumar juna, wasu har da hawaye, su ce masa, "Ai ba za ka gane ba sai ka gani." Haka ake gaya wa mutumin da ya goyo maka abincinka kwana biyar! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matarsa Kyakimwa ba ta raga masa. In ya dawo tana kwaɓa masa tuwon rogo, sai ta ce, "Maigida, an sake kai amarya an tsaya a ƙofa ke nan?" Ya yi dariya ya ci tuwonsa, amma maganar tana cinsa.

Abin da ya fi cinsa ma ba bakin Kyakimwa ba ne. Lokacin da ya fara dako, ƙanƙara a bayan bukkar take, da adda ake saro ta a zuba a tukunya. Yanzu sai an yi tafiyar sa'a biyu a kan tsuran dutse kafin a taras da ita. Kowace shekara tana ƙara janyewa sama. Shi kuma ya cika hamsin da uku, gwiwarsa ta hagu ta fara magana. Ya lissafa ya ga ko ita ta ƙare ko shi ya ƙare, ba tare da sun gaisa ba.

Sai ya fara shiri bai gaya wa kowa ba. Takalman hawa ɗaya-ɗaya ya tsince su cikin abin da baƙi suka yar, na dama ja, na hagu baƙi, ya cusa wa ɗayan tsumma. Ya je wurin Thembo maƙeri da guntun sifirin ɗin mota, ya zana masa siffar haƙoran a ƙasa da kara. Hannun da ya shekara talatin yana shafa abu ba ya bukatar hoto. Ranar tashi ya binne su cikin buhun garin rogo, aka auna kaya, suka wuce.

Babban jagoran tafiyar Kule ne, ɗan yayar Mbusa. Mbusa ne ya fara kawo shi dutsen, shi ya koya masa taka fadama. Yanzu Kule ya yi kwas, yana da takarda da jar riga, kuma a gaskiya ya iya aikinsa. Baƙi huɗu ne, jagorori biyu. Da yammacin kwana na biyar Kule ya zagayo bayan bukka ya tarar da kawunsa yana wasa haƙora. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Kawu, mu shida ne. Na bakwai na wa?"

"Na mai shi."

Kule ya ɗaga su ya juya. "Wannan ai aikin Thembo ne. Kawu, don Allah kada ka ja mini."

"Me zan ja maka? Ƙafarka zan ara?"

"Ka san doka. In ka taka ƙanƙarar nan dole in rubuta. In ban rubuta ba mataimakina zai rubuta, a kore mu mu biyu. Me za ku ci kai da Inna Kyakimwa, duwatsu?"

"Gahawar da na shuka ta fara 'ya'ya."

"Bishiya tara! Kawu, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Akwai tsaga a ƙanƙarar nan da in ka faɗa, ko ƙararka ba za a ji ba."

Mbusa ya ajiye magagari. "Kai, Kule. Ranar da ka fara zuwa nan, wa ya tsamo ka daga taɓo kana kiran uwarka? Yau ni ne makaho? Rubuta. In biro ɗinka ya daskare, zo in hura maka."

Sauran 'yan dako suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kule ya juya ya shige bukka. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Kafin asuba Mbusa ya ɗaura wa baƙi haƙoransu a jaka kamar kullum, ya ba su shayi, suka kama hanya. Ya bari fitilunsu suka yi nisa, sannan ya cire takalmin roba ya sa takalman hawansa, ja da baƙi, ya bi sawu. Bayansa babu komai. Har tangaɗi ya riƙa yi da farko, don jikinsa bai san yadda ake tafiya ba kaya ba.

Gari na wayewa ya cim musu a bakin ƙanƙara, suna ɗaura igiya a ƙugu. Ya zauna a kan dutse, ya ɗaure haƙoran Thembo da robar tayar keke, ya miƙe.

"Kawu, koma."

"Ku yi gaba, ni ba na cikinku. Yawo na fito."

"Ba igiya? Kai kaɗai?"

"Igiyar ta kamfani ce. Ƙafar tawa ce."

Kule ya dubi ƙanƙarar, ya dubi tsohon. Idonsa ya kaɗa, don haushi da tsoro. Ya fizgo bakin igiya ya zagaya ƙugun kawunsa, ya ja ƙulli da ƙarfin da ya sa Mbusa yin nishi.

"Inda na taka, nan za ka taka. In ka mutu, ni da kai ne."

"To, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga ƙafa ya dasa. Haƙoran suka ciji ƙanƙara, ƙaras. Daɗi ya kama Mbusa. A ƙarƙashin ƙafarsa yana jin ruwa na gudu, ƙanƙarar na narkewa tun rana ba ta fito ba, sai daɗin ya gauraya da baƙin ciki. Ya ce a ransa, saura kaɗan da na makara.

Hawan bai zo da sauƙi ba. Kansa ya yi ta sara, gwiwar ta yi ta zaginsa, sau biyu robar ta kwance ya tsuguna ya ɗaure da yatsun da ba ya ji. Kusa da ƙarshe, inda ƙanƙara ta koma dutse, wani baƙo mai jan gemu ya gaji liƙis. Ya waiwaya ya ga fuskar da ya saba gani ƙarƙashin kaya, sai ya sauke jakarsa ya miƙo masa, ko kallonsa bai yi sosai ba. Ba mugunta ba ce, sabo ne.

Mbusa ya mai da hannuwansa baya ya harɗe.

"Kule, gaya masa yau ban zo dako ba."

Jakar ta tsaya a iska. Kule bai fassara ba. Ya karɓe ta ya rataya a kan tasa, babban jagora guda da jar rigarsa, ya ce, "Mu je."

A ƙololuwa gajimare ya rufe ko'ina, ko tsawon igiya ba a gani. Baƙi suka yi ta tsaki. Mbusa ya zauna a kan dutsen da babu wani a samansa, ya ci dafaffen rogonsa a hankali, ya tashi.

Kwana biyu suka yi suna saukowa, kuma ya ɗauko kilo ashirin ɗinsa har ƙasa, bai bar wa kowa ba. A ofis Kule ya miƙa rahoto bai ɗaga kai ba. Akawu ya buɗe jerin 'yan dako, ya sa biro a kan sunan, sannan ya tsaya.

"Baba, shekara talatin da ɗaya fa. Ka ce ɓata hanya ka yi cikin duhu, in san abin da zan rubuta."

Mbusa ya dafa tebur da hannu biyu.

"Ni? In ɓata hanya a dutsen nan? Soke, yaro. Amma ka rubuta a gefe cewa ya kai."