Ranar da Na Cire Masaukin Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na cire masaukin wani dattijo daga shafinmu ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfanin da ake kama ɗakin otal ta intanet ba. Saboda ina jin Hausa, aka damƙa mini masu masaukai na unguwar Agege. Dattijon nan, Baba muke ce masa, tun da fatake suka rage sauka a wurinsa, baƙin da muke tura masa ne ke riƙe da gidan.

Sai wani mahauci ɗan garinsu ya rasu a asibiti. 'Yan uwa suka ciko mota daga Arewa, Baba ya buɗe musu ɗakuna kaf, har da waɗanda baƙinmu suka riga suka kama. Baƙi suka iso da jakunkunansu, suka tarar da zaman makoki. Kai, ranar na sha zagi a waya!

Na shiga wurin oga na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Doka ce. Cire shi."

Na kasa faɗa wa Baba ta waya, na hau motar haya ta danfo na je. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, na durƙusa na yi gaisuwa, sannan na ce, "Baba, an ce a cire ku."

Ya ce, "Ɗana, matar mamacin na ɗaki da goyo. In ce ta tashi, wani ya biya ta waya?"



"Je ka yi aikinka," in ji shi, "kai ma da iyali." Ya sa aka kawo mini tuwon sadaka, wallahi ko loma ɗaya ban ci ba na tashi.

Washegari na cire shi da hannuna. Bayan 'yan watanni na bi ta layin a keke, na ga ana sauke buhunan fulawa a gidan. Aka ce Baba ya sayar, ya koma garinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da na koya, kafin in sa kowa a shafi sai na gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ɗakin da aka kama ya fita hannunsa, ko da mutuwa aka yi. Dattawanmu da yawa suna jin haka sai su ce sun fasa, kuma ba na ganin laifinsu.